Ƙattin Cikin Waya da Mutanen Cikin Daji

A cikin Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, ayoyi biyu ne kacal suka ambaci kalmar Nefilim: Farawa 6:4 da Ƙidaya 13:33. A kan waɗannan ayoyi biyu aka gina wata babbar kasuwa ta littattafai da tarurruka da bidiyoyi. Cibiyarta tana Amurka, amma hajarta tana isa duk inda wayar salula ta isa. Abin da ake tallatawa a cikinta shi ne cewa mala'iku da suka yi tawaye sun auri mata 'yan Adam, suka haifi ƙatti, cewa jinin waɗannan ƙatti yana nan har yau a jikin wasu mutane, kuma gwamnatoci da gidajen tarihi suna ɓoye ƙasusuwansu.

Ga Ba'amurken da ke kallon wannan a falonsa, abin bai wuce hira mai ɗaukar hankali ba. Ga Kiristan da ke zaune a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, lamarin ya fi haka nauyi. Yawancin Kiristocin wannan yanki na kudancin Katsina Hausawa ne, da dama daga cikinsu jikokin Maguzawa, manoma da suke kwana da fargabar ƙarar babura kamar yadda maƙwabtansu Musulmi suke kwana da ita. Duk koyarwar da za ta gaya wa irin waɗannan mutane cewa mugunta aba ce da ake gadonta ta jini, kuma akwai masu kamar mutane da ba cikakkun mutane ba ne, wuta ce kusa da busasshiyar ciyawa. Ya wajaba shugabannin ikkilisiya da masu ilimi su ƙi ta, kuma suna da hujjar ƙin ta daga cikin Littafin kansa.

Abin da malamai suka daɗe suna jayayya a kai

Sura ta 6 ta Farawa ta buɗe da gajeren labari a kan wasu da ta kira 'ya'yan Allah, waɗanda suka auri 'yan matan mutane, sannan ta ambaci Nefilim a matsayin waɗanda suke duniya a wancan zamani. Ba ta faɗi tsawonsu ba. Fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari, wadda aka soma a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, ita ce ta sanya kalmar da ke nufin ƙatti a gurbin Nefilim, kuma daga nan fassarar ta bazu zuwa wasu harsuna.

Tun zamanin da, malamai sun rabu gida uku a kan ko su wane ne waɗannan 'ya'yan Allah. Rukuni na farko ya ce mala'iku ne. Wannan shi ne ra'ayin Littafin Anuhu na ɗaya, wanda sashensa mafi tsufa ya samo asali a wajajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, kuma shi ne ya kawo labarin mala'iku 200 da suka sauka a kan Dutsen Harmon. Malaman ikkilisiyar farko irin su Jastin Shahidi da Iraniyus da Tartuliyan sun bi wannan fahimta. Rukuni na biyu ya ce zuriyar Shitu ce, masu tsoron Allah, da suka yi auratayya da zuriyar Kayinu. Yuliyus Afirkanus ya kawo wannan a ƙarni na 3, Agustin na Hippo, mutumin Arewacin Afirka, ya ƙarfafa shi a ƙarni na 5, daga baya Luta da Kalbin suka tsaya a kansa. Rukuni na uku, wanda ya fi ƙarfi a tsakanin malaman Yahudawa irin su Rashi, ya ce sarakuna ne da masu iko da suke ƙwace duk matar da suka ga dama.

Jayayya ce ta gaskiya, kuma masu ilimi na gaske suna kowane ɓangare. Ko a wannan zamani, masanin harsunan Gabas ta Tsakiya na da, Maikel Haiza, wanda ya rasu a 2023, ya kare ra'ayin farko da hujjoji masu nauyi, kuma shi ne dai ya shafe shekaru yana rusa iƙirarin Zakariya Sitcin, wanda littafinsa na 1976 ya mayar da Nefilim baƙi daga wata duniyar. Mutum yana iya yarda cewa ayar tana magana a kan mala'iku ba tare da ya sayi ko ɗaya daga cikin kayan da ake tallatawa a YouTube ba. Matsalar tana farawa ne a lokacin da aka ɗauki fassara guda daga cikin uku aka mayar da ita tabbas, sannan aka ɗora mata abubuwan da ba ta taɓa faɗa ba.

Masu wannan talla sukan jingina da Littafin Anuhu, suna cewa an ɓoye shi. Ba wanda ya ɓoye shi. Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha tana karanta shi a cikin littattafanta masu tsarki tun ƙarnuka da yawa. Jems Burus ya kai kwafinsa Turai a 1773, aka buga fassararsa ta Turanci a 1821, kuma an sami gutsattsarinsa na harshen Aramiya a kogunan Kumran da ke gefen Tekun Gishiri. Gaskiya ne Wasiƙar Yahuza ta ɗauko magana daga cikinsa. Amma Manzo Bulus ma ya ɗauko maganar mawaƙan Helenawa sa'ad da yake wa'azi a Atina, kuma ba wanda ya ce waƙoƙinsu sun zama Nassi saboda haka. Katolika da ECWA da Baptis da Angilikan, ba ɗayansu da ke lissafa Anuhu cikin Littafi Mai Tsarki.

Kamu nawa ne ƙato?

Inda Littafin ya ba da awo, awon ya fi na bidiyo ƙanƙanta ƙwarai. Goliyat, wanda Musulmi suka sani da Jaluta, shi ne ƙaton da kowa ya fi sani. Nassin Ibrananci da yawancin fassarori suka bi ya ba shi kamu 6 da taƙi ɗaya, wato kusan mita 2.9. Amma tsohuwar fassarar Helenanci, da kwafin Littafin Sama'ila da aka samu a Kumran, da masanin tarihin Yahudawa Yusufus na ƙarni na 1, duk sun ba shi kamu 4 da taƙi ɗaya, wato mita 2 da 'yan kai. Wannan tsawon ɗan wasan ƙwallon kwando ne. Ko da an ɗauki babban awon, bai yi wa Robat Wadlo nisa sosai ba, Ba'amurken da ya rasu a 1940 yana da tsawon mita 2.72, wanda ciwon wani ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya sa shi girma babu tsayawa. Game da Og, sarkin Bashan, Maimaitawar Shari'a 3:11 tsawon gadonsa ta bayar, kamu 9, ba tsawon jikinsa ba. Sarakuna kuwa ba su taɓa auna gadonsu da tsawon ƙafarsu ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa mutum mai tsawon mita 10 ba zai iya tsayuwa ba, kuma Galileyo ya bayyana shi tun 1638. Idan aka ninka tsawon jiki sau biyu ba tare da an sauya siffarsa ba, nauyinsa yakan ninku sau 8, amma kaurin ƙashin da zai ɗauki nauyin sau 4 kawai yake ninkuwa. Idan aka ninka tsawon sau biyar, nauyi ya ninku sau 125, ƙarfin ƙashi kuwa sau 25. Shi ya sa ƙafar giwa take kamar turmi, ta barewa kuma siririya. Wadlo da kansa sai da ƙarafunan tallafi a ƙafa yake tafiya, kuma gyambon da ɗaya daga cikinsu ya ji masa ne ya yi ajalinsa yana ɗan shekara 22.

Tarihin ƙasusuwan bogi

To ina hotunan da ake turawa suka fito? Tarihinsu sananne ne. A ranar 16 ga Oktoba, 1869, masu haƙa rijiya a ƙauyen Kadif na Jihar New York suka tono wani ƙato mai tsawon mita 3 wanda ya zama dutse. Jama'a suka yi ta tururuwa suna biyan kuɗin kallo, wasu masu wa'azi suka ce ga tabbacin Farawa 6 ya fito. Ashe wani ɗan kasuwar taba mai suna Joj Hul, wanda bai yarda da addini ba, shi ya sa aka sassaƙa shi daga farin dutse mai laushi aka binne, bayan wata gardama da ya yi da wani mai wa'azin Metodis a kan wannan aya. Kafin shekarar ta ƙare asiri ya tonu. Wanda ya shirya abin ya yi shi ne don ya nuna yadda masu bi suke da saurin ruɗuwa, kuma suka ba shi abin da yake nema.

A 2002 wani mai haɗa hotuna a kwamfuta ya shiga gasa a shafin Worth1000. Ya ɗauki hoton wani wurin da aka tono ƙasusuwan tsohuwar dabba dangin giwa a New York, ya ɗora masa ƙwarangwal ɗin mutum. A 2004 hoton ya bazu a tsakanin Musulmi da labarin cewa ma'aikatan mai ne suka gano ƙasusuwan Adawa a hamadar Saudiyya. Daga baya aka mayar da shi Indiya, aka jingina shi ga National Geographic, har sai da ƙungiyar ta fito ta ƙaryata a 2007. Hoto guda ya yi wa mabiya addinai daban-daban hidima, kowa da sunan da ya raɗa masa. Labarin da ake yawan maimaitawa cewa cibiyar Smithsonian ta amsa laifin lalata dubban ƙasusuwan ƙatti kuwa, a 2014 ya fito daga World News Daily Report, shafin da ke ƙirƙirar labarai don raha.

Ba dukan kuskuren ba ne yake da mugun nufi. Agustin ya ba da labarin wani ƙaton haƙori da ya gani a gaɓar teku a Utika, cikin Tunisiya ta yau, ya ɗauka na mutumin da ne. Masana yanzu suna ganin na dabba dangin giwa ne. A nan kusa, a ƙasar Agadas, Abzinawa sun daɗe suna ganin manyan ƙasusuwa a cikin rairayi suna danganta su da wata halitta ta almara mai suna Jobar. Da ayarin masanin burbushin halittu Pol Sereno ya tono su, sai suka zama na wata ƙatuwar dabba mai dogon wuya da ta rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma a 1999 aka raɗa mata suna Jobariya don girmama labarin mutanen wurin. Ƙashin gaskiya ne, fassararsa ce ta sauya da aka auna shi.

Bahaushe ma yana da nasa ƙattin. Idan ya ga mutum mai girman jiki yakan ce masa Basamude, daga sunan Samudawa, mutanen Annabi Salihu. Tarihin Kano da H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908 ya siffanta Barbushe na Dutsen Dala da ƙarfin da yake kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a kai. Barebari suna da labarin ƙattin Sau na bakin Tabkin Cadi. Wannan ya nuna cewa ƙasar a shirye take ta karɓi irin wannan iri. Bambancin shi ne kakanni sun ajiye ƙattinsu a zamanin da ya shuɗe. Sabuwar koyarwar ita ce take dawo da su yau, ta ce suna yawo a cikin jama'a.

Inda haɗarin yake

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. An sako 344 bayan kwana shida. Watanni shida kafin nan, a watan Yuni, an kashe gomman mutane a Kadisau ta Ƙaramar Hukumar Faskari. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Janairu na 2023 aka shiga wani coci a ƙasar Ƙanƙara ana tsakiyar sujadar Lahadi aka tafi da masu ibada. Wanda ya rayu cikin wannan yana da haƙƙin ya tambaya: wane irin mahaluki ne ke iya aikata haka?

Amsar da koyarwar Nefilim take miƙawa tana da sauƙin haɗiya, domin tana cewa mai aikata irin wannan ba ɗan Adam ba ne kamar kowa. Tana kuma dacewa da abin da aka riga aka saba ji a kasuwa da tasha, cewa harsashi ba ya huda su, cewa suna ɓacewa. Amma Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci satar ɗaliban Ƙanƙara, ya miƙa makamansa a Zamfara a watan Fabrairu na 2021, ya koma daji, kuma kafin watan Afrilu ya ƙare harsashin abokan gabarsa ya kashe shi. Mutum ne mai suna da uwa da uba, wanda ya zaɓi abin da ya zaɓa.

Abubuwan da ke riƙe da wannan bala'i duk na mutane ne: dajin Rugu da ba hukumar da ke iko da shi, makaman da suka malalo Sahel bayan rushewar Libiya a 2011, kuɗin fansa, satar shanu, rikicin gona da burtali da aka bari ya ruɓe, da masu kai rahoto da masu sayar da mai da abinci daga cikin gari. Da ɗan gari akan ci gari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da wanda za a tuhuma da ofishin da za a tambaya. Da zarar an mayar da matsalar ta jinin aljanu, an sallami duk waɗannan daga tuhuma, domin ba a kai aljani kotu, ba a kuma tambayar ɗan majalisa a kan kasafin yaƙi da shi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne inda koyarwar gurɓataccen jini take ƙarewa. Wiliyam Branham, mai wa'azin Amurka da ya rasu a 1965, ya koyar da cewa Kayinu ɗan maciji ne kuma zuriyarsa tana nan. Ƙungiyoyin fifita farar fata sun yi amfani da irin wannan koyarwa a kan Yahudawa. An yi amfani da labarin Ham ɗan Nuhu ƙarnuka da dama wajen halatta bautar da baƙar fata. A Ruwanda, tatsuniyar Turawan mulkin mallaka cewa Tutsi dogayen baƙi ne daga zuriyar Ham ta zama ɗaya daga cikin makaman 1994, lokacin da aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, dubbai daga cikinsu a cikin coci-coci irin na Nyamata da Ntarama. A yankin da tuni ake kallon kowane Bafulatani da ido ɗaya, ana tare na kirki a hanyar kasuwa saboda laifin na banza, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san a kan wa wannan koyarwa za ta sauka. Alhali rugagen Fulani ma ana kora musu shanu, ana sace musu mata da 'ya'ya.

Abin da Littafin ya mayar da hankali a kai

Mai karanta Farawa 6 har ƙarshe zai ga cewa dalilin da aka bayar na Ruwan Tsufana shi ne muguntar zuciyar ɗan Adam da zaluncin da ya cika duniya. Surar ba ta ɗora laifin a kan wata halitta ta daban ba. Masu tallar Nefilim sukan kawo maganar Yesu a Matiyu 24 game da kwanakin Nuhu, su ce alamar dawowar ƙatti ce. Amma bayanin da ya biyo baya a wurin a kan mutane ne da suka shagala da ci da sha da aure har ruwa ya ci su. Ba a ambaci ƙato ko ɗaya ba. Ezekiyel 18 ya rushe batun gadon laifi, ya ɗora wa kowa nasa. Markus 7 ya ce daga zuciyar mutum kisa da sata suke fitowa. Ayyukan Manzanni 17 ya mayar da dukan al'ummai ga asali guda. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti kuwa ta buɗe ne da gargaɗi a kan shagala da almara da lissafin asali marar iyaka, domin gardama suke haifarwa.

Sai kuma aya ta biyu, wadda ba a cika karanta ta tare da abin da ya kewaye ta ba. A Ƙidaya 13, Musa ya aiki mutum 12 su leƙo ƙasar Kan'ana. Goma daga cikinsu suka dawo suka ce sun ga Nefilim, suka kwatanta kansu da fara a gabansu. Littafin da kansa ya kira rahotonsu mugun rahoto. Jama'a suka kwana suna kuka, suka nemi komawa Masar, suka yi niyyar jifan Joshuwa da Kalibu, mutum biyun da suka ce ƙasar tana ciwuwa. Sakamakon shi ne shekara 40 a jeji. Wato karo na ƙarshe da kalmar Nefilim ta fito a Littafi Mai Tsarki, daga bakin firgitattun mutane ta fito, kuma ta jawo wa tsara guda asarar ƙasar da aka yi musu alkawari.

Nauyin da ke kan masu ilimi

Cikakken Littafi Mai Tsarki yana hannun Hausawa da harshensu tun 1932. Akwai makarantun horar da fastoci a Arewa, kuma tun 2023 Katsina tana da nata dayosis na Katolika ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa. Ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ake bukata shi ne fasto ko katakis ya tsaya gaban matasa ya shimfiɗa musu fassarori ukun kamar yadda suke, ya nuna musu inda nassi ya tsaya da inda ƙari ya fara. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo wa hoton ƙwarangwal a zauren WhatsApp na ikkilisiya ko na unguwa zai iya sa shi a Google Lens, cikin minti ɗaya ya ga asalinsa, ya kuma faɗa a fili ko da wanda ya turo dattijo ne. Wannan nauyi yana kan Musulmi ma, tun da hoton 2002 da sunan Adawa ya shigo musu.

Tambayar ko su wane ne 'ya'yan Allah na Farawa 6 za ta ci gaba da zama a ajin tauhidi, kuma nan ne muhallinta. Amma a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke fitowa daga daji a kan babura mutane ne, masu sayar musu da mai mutane ne, waɗanda aka zaɓa don su hana su kuma mutane ne. Dukansu suna da sunaye, kuma ana iya kiran kowannensu ya amsa.